Makaɗiyar Fiyano da ta Riƙe Gida da Yatsu Goma

A zauren taro na makarantarmu, can ƙuryar hagu ta dandamali, akwai wani babban baƙin akwati wanda tun da na shigo aji ɗaya nake ganinsa a kulle. Mu dai abin da muka ɗauke shi, wurin ajiye ƙararrawa da rajistar kiran suna. Sai a zangon da ya wuce wata malama 'yar bautar ƙasa da aka turo mana ta karɓi mabuɗinsa, ta kakkaɓe ƙura, ta jawo kujera ta zauna. Ran nan mu ne masu sharar zaure. Da ta ɗora yatsunta a kai sai duk muka saki tsintsiya muka tsaya. Haƙoran abin guda bakwai sun mutu, in ta danna su sai ka ji ƙwas kamar an taka busasshen ganye, amma sauran suka ba da wani amo da ban taɓa jin irinsa ba. Da ta gama na ce, "Malama, wannan kiɗan na wane ne?" Ta ce wani Bajamushe ne ya tsara shi, amma da ba don matarsa ba, da wuya ya kawo zamaninmu. Kashegari ta ba ni aron wani littafi mai hoton wata tsohuwa sanye da baƙaƙen kaya. Labarin wannan tsohuwa nake so in ba ku, ya ku 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu masu karanta wannan mujalla. Sunanta Clara Schumann, ana furta shi kamar Kilara Shuman.

Kafin in shiga labarin, bari in ɗan bayyana fiyano da irin kiɗan da ake yi da shi, domin ba zai yiwu a gane wahalar sana'ar ba sai an san kayan aikinta. Fiyano na zamanin yanzu yana da haƙora 88, farare 52 da baƙaƙe 36. A bayan kowane haƙori akwai 'yar guduma da aka naɗe kanta da ulu, in an danna haƙorin sai ta zabura ta doki tsirkiyar ƙarfe. Tsirkiyoyin da ke cikin akwatin sun wuce 200. Wani mutumin Italiya mai suna Bartolomeo Cristofori ne ya ƙago shi a birnin Florence wajen shekarar 1700. Abin da ya fifita shi a kan kayan kiɗan da suka riga shi shi ne yana jin nauyin hannu: in ka taɓa a hankali ya yi raɗa, in ka danna da ƙarfi ya yi tsawa. Saboda haka mutum biyu za su kaɗa abu ɗaya a kan fiyano ɗaya, na farko ya sa ka hamma, na biyu ya sa ka hawaye.

Abu na biyu shi ne, wannan kiɗa rubutacce ne. Turawa suna da alamomi da suke zanawa a kan layuka biyar-biyar, masu nuna wane haƙori za a taɓa, tsawon wane lokaci, da ƙarfi ko a tausashe. Don haka sana'ar ta kasu biyu, akwai mai tsara kiɗa ya rubuta, akwai kuma mai kaɗa abin da aka rubuta. Mai tsarawa yana iya shekara ɗari biyu a kabari, a ɗauko takardarsa a kaɗa kamar yadda ya nufa. Wurin sauraro kuwa ba rawa, ba liƙi, ba kirari. Mutane su biya kuɗi a ƙofa, su zauna tsit sa'a biyu, ko tari mutum ba ya so ya yi, sai an kai ƙarshe kana a tafa. Da Malama ta faɗa mana haka muka yi ta dariya, muka ce wannan ai zaman makoki ne. Amma ku duba abin da wannan ke nufi ga makaɗi: ba wata hayaniya da za ta rufe masa asiri, kuskure ɗaya ya yi duk zaure ya ji.

An haifi Clara a birnin Leipzig na ƙasar Jamus ran 13 ga Satumba, 1819. Ubanta, Friedrich Wieck, malamin fiyano ne, yana kuma sayar da fiyano. Uwarta Marianne mawaƙiya ce, ta kuma iya kaɗawa ƙwarai. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma da farko ba wanda ya ga alamar haka, gama yarinyar ta wuce shekara huɗu ba ta fara magana ba, har aka zaci kurma ce. Auren iyayenta ya mutu tana shekara biyar, dokar ƙasar kuwa ta ba uba 'ya'ya, saboda haka aka raba ta da uwarta. Daga wannan lokaci uban ya ɗaura niyya sai ya mai da ita shahararriyar makaɗiya, don duniya ta shaida cewa hanyar koyarwarsa ta fi ta kowa.

Hanyar tasa kuwa, in za a faɗi gaskiya, mai hankali ce. Kullum darasin sa'a ɗaya tare da shi, sa'an nan ta yi sa'a biyu tana bita ita kaɗai. Bai yarda a kashe yaro da bita daga safe har dare ba. A maimakon haka yakan tafi da ita doguwar tafiya a ƙasa kowace rana don jiki ya yi ƙwari, kuma wannan al'ada ba ta bar ta ba har tsufanta. Ya sa an koya mata waƙa, da gogen Turawa, da ilmin haɗa amo, da tsara kiɗa, da Faransanci da Ingilishi saboda tafiye-tafiye. Makarantar boko irin tamu kuwa kaɗan ta yi. Akwai wani abu guda da ya tsaya mini a rai tun da na karanta shi. Uban ya buɗe mata littafin rubuta al'amuran yau da kullum, amma shi ne yake rubutawa a ciki da bakinta, watau ya rubuta "ni" alhali yana nufin ita. In ta yi ƙyuya a darasi, sai ya rubuta laifinta kamar ita ce ke zargin kanta. Ni dai a ganina wannan ya wuce tarbiyya. Uban da ya shiga har cikin "ni" ɗin ɗiyarsa ya zauna, ranar da za ta ce tana da nata ra'ayi ba za su wanye lafiya ba.

Ta fara fitowa gaban jama'a a babban zauren kiɗa na Leipzig, wanda ake kira Gewandhaus, a watan Oktoba na 1828, tana shekara 9. A Nuwamba 1830 ta yi wasa nata na kanta a wannan zaure. Shekara ta zagayo uban ya ɗauke ta suka kama hanyar Faris, suna tsayawa gari-gari. A Weimar ta kaɗa wa Goethe, babban marubucin Jamusawa, yana tsoho ɗan shekara 82, ya ba ta lambar tagulla mai hotonsa. A Faris ba su yi sa'a ba, suka tarar annobar kwalara ta watsa mutane a 1832. Ku tuna kuwa tafiyar wancan zamani a keken doki ake yi, cikin sanyin da ruwa ke daskarewa, a kwana a masauƙi mai kuɗin cizo, a isa gari a nemi zaure, a buga tikiti, a nemi fiyano mai kyau, wani lokaci a samu wanda bai fi namu na zauren taro lafiya ba.

A Nuwamba 1835 ta kaɗa wani dogon kiɗa da ita kanta ta tsara, na fiyano tare da taron makaɗa, Felix Mendelssohn yana jagorar taron. Shekarunta 16, watau shekaruna na yau. Da na kai nan a littafin sai na rufe shi na ɗan yi shiru, na tuna ni ko tsayawa gaban asambile in karanta labarun mako gwiwoyina rawa suke yi.

Ƙololuwar ƙuruciyarta ita ce zuwanta Biyana, babban birnin Ostiriya, a damunar sanyi ta 1837 zuwa 1838. Mutane suka yi ta turereniya wurin sayen tikiti, wani mashahurin mawaƙinsu, Grillparzer, ya rubuta mata waƙa, masu gashin alkaki na Turawa har suka sa wa wani kek sunanta. A watan Maris 1838 Sarkin Ostiriya ya naɗa ta makaɗiyar fada, muƙamin da ba a saba ba baƙuwa 'yar shekara 18 ba. Wani abin da ya ba mutane mamaki shi ne takan kaɗa da ka, ba takarda a gabanta. A lokacin waɗansu sun ɗauki wannan girman kai ne. Yau kuwa kusan kowane mai kaɗa fiyano shi kaɗai a dandamali da ka yake yi, kuma tana cikin waɗanda suka fara wannan al'ada. Malama ta nuna mini takardar kiɗa guda ɗaya mai shafi fiye da ashirin, baƙi ƙirin da alamomi kamar tururuwa ta zube, ta ce irin wannan da yawa Clara ta haddace.

To, yanzu mun zo wurin da ya jawo gardama a ɗakin kwananmu har aka kashe fitila ba mu gama ba.

Akwai wani saurayi mai suna Robert Schumann, wanda ya girme ta da shekara 9. An aiko shi Leipzig ya karanta shari'a, shi kuwa zuciyarsa na wurin kiɗa. Ya zama almajirin Wieck, a 1830 ma ya tare a gidan. Burinsa ya zama makaɗi, amma yatsan hannunsa na dama ya lalace, dole ya koma tsara kiɗa da rubutu a jarida. Tun tana yarinya yana ba ta tatsuniyoyi, kwanci tashi ta girma, suka so juna. A 1837 suka yi alkawari, Robert ya nemi aurenta wurin uban. Wieck ya ce ko kusa. Ya hana su ganawa, ya hana wasiƙa, ya riƙe kuɗin da ta tara da hannunta tun tana ƙarama, har fiyanonta ya hana ta. A 1839 ya bar ta ta tafi Faris ba tare da shi ba, yana zaton za ta kasa ta dawo tana kuka. Ba ta kasa ba, ta shirya wasanninta da kanta. A wannan shekara ita da Robert suka kai magana kotu, domin doka ta ce ba aure sai da yardar uba ko izinin alƙali. Uban ya tsaya gaban shari'a ya ce Robert mashayi ne, ba shi da abin riƙe mace. Aka ce ya kawo shaida, ya kasa. Ran 1 ga Agusta, 1840, kotu ta ba da izini, aka ɗaura aure ran 12 ga Satumba a wani ƙauye kusa da Leipzig, ana gobe za ta cika shekara 21.

Rabin 'yan ɗakinmu suka ce ba ta kyauta ba, ɗiyar kirki ba ta kai ubanta gaban alƙali, balle uban da ya ba da rayuwarsa don ya gina ta. Sauran suka ce ai ba ɗiya yake karewa ba, rumbunsa yake karewa. Ni na kwana ina juya abin, kuma ga inda na tsaya. Tsoron da uban ya ji ba na banza ba ne. Ya zauna da Robert gida ɗaya, ya san mutum ne mai yawan shiga baƙin ciki, mai ƙaramin samu, ya kuma san aure da haihuwa za su iya binne sana'ar da aka shekara goma sha biyar ana ginawa. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba, kuma za ku ji a gaba cewa wani ɓangare na abin da ya hango ya faru. Amma hanyar da ya bi ita ta ɓata gaskiyarsa. Wanda ya riƙe gumin ɗiyarsa, ya aika takardu gari-gari yana ɓata mata suna don kada a je kallonta, ya fita daga sahun masu ba da shawara. Da ya zaunar da ita ya ce, "Ga abin da nake tsoro," da wataƙila ba a kai ga kotu ba. Sai a 1843, bayan an haifi jikoki, shi da kansa ya nemi sulhu.

Zaman auren ya yi daɗi, ya kuma yi nauyi. A shekarar auren kaɗai Robert ya tsara waƙoƙi fiye da 100. Suna da littafi guda da suke rubutu a ciki bi da bi, suna karanta kiɗan Bach tare. Amma bangon gidan siriri ne, in maigida yana tsara kiɗa ba ya son jin wani amo, saboda haka macen da sarakuna suka tafa wa sai ta jira ya fita kafin ta samu sa'a ɗaya ta yi bita. Cikin shekara goma sha uku ta haifi 'ya'ya takwas, ɗaya ya rasu yana jariri. Duk da haka ba ta bar dandamali ba, domin kuɗin gidan ba ya isa sai ta fita. A 1844 suka yi wata huɗu a Rasha, ita ke wasa, shi yana rakiya, kuma hakan ya dame shi, gama a lokacin an fi sanin matar da mijin. A 1846 ta tsara kiɗan fiyano da goge biyu, ƙarami da babba, wanda masana suke cewa shi ne mafi kyau cikin ayyukanta.

A watan Mayu 1849 tawaye ya tashi a Dresden inda suke zaune, ana harbi a tituna, ana bi gida-gida ana tilasta wa maza su shiga faɗa. Clara ta fitar da mijinta da babbar ɗiyarsu ta ƙofar baya zuwa wani ƙauye. Bayan kwana biyu, da tsakar dare, ta komo cikin garin da ƙafa, da cikin wata bakwai, ta ratsa mutane masu makamai ta kwaso sauran yara uku. Wannan ya nuna mini wane ne ginshiƙin gidan tun kafin babbar masifa ta zo.

Suka koma Düsseldorf a 1850 inda aka ba Robert shugabancin makaɗan gari. Aikin bai yi masa kyau ba, lafiyar ƙwaƙwalwarsa kuma tana ta raguwa, yana jin amo da muryoyi a kunnensa. A ƙarshen Satumba 1853 wani saurayi ɗan shekara 20 mai suna Johannes Brahms ya yi sallama a ƙofarsu da takardun kiɗansa. Miji da mata suka saurare shi suka san babban abu ya zo. Bayan wata biyar, ran 27 ga Fabrairu, 1854, Robert ya fita gida ya faɗa kogin Rhine. Masu jirgin ruwa suka tsamo shi, aka kai shi asibitin masu taɓin hankali a Endenich kusa da Bon. Clara na da ciki a lokacin, ta haifi ɗan autansu Felix a watan Yuni, uban kuwa bai taɓa ganinsa ba. Likitoci suka hana ta ganin mijinta kusan shekara biyu da rabi. Da aka bar ta ta shiga, saura kwana biyu ya rage masa. Ya rasu ran 29 ga Yuli, 1856. Tana da shekara 36 da marayu bakwai.

Abokan arziki suka so su shirya wasa don a tara mata gudummawa, ta ƙi. Ta ce hannunta na nan. Tun mijin yana asibiti ta riga ta koma hanya, daga nan kuwa sai abin ya zama rayuwarta: damunar sanyi a kan hanya, Jamus, Holan, Ostiriya, Rasha, Ingila, bazara kuma a gida tana hutawa da shirya sabon kiɗa. Ingila kaɗai ta je sau 19, na farko a 1856, na ƙarshe a 1888. Tare da abokin aikinta Joseph Joachim, gwanin goge, sun yi wasa fiye da sau 200. Takardun shirin wasanninta da aka adana sun wuce 1,300. Kullum cikin baƙaƙen kaya take fitowa, ba ta kuma sake aure ba. Brahms, wanda ya tsaya wa gidan lokacin ciwon Robert har yana riƙe musu littafin cefane, ya zama amininta har ƙarshen rayuwa, yakan aiko mata da sabon kiɗansa ta duba kafin ya kai wurin bugawa.

A wannan zamani ne ta yi aikin da Malama take nufi ran da muke shara. Da can, abin da ake so wurin makaɗin fiyano shi ne ya nuna gudun yatsa, ya kaɗa abubuwa masu ƙyalƙyali waɗanda ake mantawa kafin a isa gida. Ita ma da su ta fara tana yarinya. Amma da ta mallaki kanta sai ta cika shirinta da kiɗan Bach, da Mozart, da Beethoven, da Chopin, da Mendelssohn, da Brahms, da na mijinta. Kiɗan Robert a lokacin mutane suna ganinsa baƙon abu mai wuyar fahimta, musamman a Landan. Ta yi ta maimaita musu shi shekara da shekaru har kunnuwansu suka saba, suka koma suna roƙonta. Daga baya ta zauna ta tace dukan ayyukansa aka buga su cikakku. Nata tsarin kiɗan kuwa ta ajiye shi bayan rasuwarsa, sai ɗan abin da ba a rasa ba. Tun tana budurwa ta taɓa rubuta cewa tana shakkar ko ya kamata mace ta sa kanta cikin masu tsara kiɗa, tun da ba ta ga wadda ta yi nasara a gabanta ba. Wannan ya ba ni haushi ƙwarai, domin yau ana kaɗa abin da ta tsara a manyan zaurukan duniya, da ma ta bar mana fiye da haka.

Kada kuwa a ce abin bai ci mata komai ba. Don ta samu fita neman abinci, sai ta rarraba yaran, waɗansu makarantar kwana, waɗansu wurin dangi, ba sa haɗuwa sai lokacin hutu. Mu da muke kwana a makaranta mun san yadda ake ƙirga kwanaki a bango ana jiran ranar ziyara. To, su uwar tasu tana wata ƙasa, sai wasiƙa. Ta sayi ɗan gida a Baden-Baden, daga 1863 suka riƙa taruwa a can da bazara. Baƙin ciki kuma bai bar bin ta ba. Ɗiyarta Julie ta rasu a 1872, Felix ya rasu da tarin fuka a 1879, Ferdinand a 1891 ya bar mata jikoki ta ciyar. Ludwig kuwa ciwon ubansa ya kama shi, ya ƙare rayuwarsa a asibiti. Ita kanta ciwon hannu ya tsai da ita fiye da shekara guda wajen 1874, ta yi magani ta komo.

A 1878, tana shekara 59, aka buɗe sabuwar makarantar koyon kiɗa a Frankfurt, wadda ake kira da sunan Dokta Hoch, mutumin da ya bar dukiyarsa don a gina ta. Aka roƙe ta ta zama babbar malamar fiyano. Ita kaɗai ce mace cikin manyan malaman. Ta gindaya sharuɗɗa, aka kuwa karɓa: ba za ta koyar fiye da sa'a ɗaya da rabi a rana ba, a gidanta za ta koyar, tana da hutun wata huɗu, kuma za a bar ta ta fita wasa. 'Ya'yanta biyu, Marie da Eugenie, suka zama mataimakanta, su ke fara gyara sababbin almajirai kafin su isa gabanta. Ɗalibai suka riƙa zuwa daga Ingila da Amurka da sauran ƙasashe, yawancinsu 'yan mata.

Abin da take koyarwa, kamar yadda almajiranta suka ba da labari, bai da yawa a faɗe, amma yana da wuyar yi. Ka kaɗa abin da aka rubuta, yadda aka rubuta, kada ka ƙara gishirinka don a yaba maka. Kada ka doki haƙori daga sama, ka bar yatsa kusa da shi ka danna, don amon ya fito kamar muryar mai waƙa. Kada ka yi ta lilo da jiki da kaɗa kai don 'yan kallo. Gudu ba gwaninta ba ne in ba a jin kowane amo. Takan kuma aika su yawo a ƙasa su sha iska, kamar yadda aka yi mata. Wannan ya ba ni mamaki da na lura da shi: uban da ta kai kotu, hanyarsa ta koyarwa ce ta riƙe ta miƙa wa na baya, kuma ko da ta tsufa ba ta yarda a rage masa wannan yabo ba. Ta ɗauki darasin, ta bar sandar.

Ba a ɗauki kiɗan Clara a faifai ba, don haka ba mai iya jin hannunta yau. Amma waɗansu almajiranta sun kai zamanin na'ura. Fanny Davies ta Ingila ta ɗauki kiɗan Robert Schumann a faifai a 1928, Adelina de Lara ta yi nata bayan 1950 tana tsohuwa tukuf, kuma masana sukan saurari waɗannan don su ji ɓurɓushin koyarwarta. Wani almajirinta, Carl Friedberg, ya ƙetare zuwa Amurka ya koyar a makarantar da ta zama Juilliard a birnin New York, nasa almajiran su ma suka koyar da waɗansu. Ƙasar Jamus ta sa hotonta a takardar kuɗi ta mak 100 daga 1990 har zuwa lokacin da kuɗin yuro ya maye gurbinta a 2002, a bayan takardar kuma ga fiyano da ginin makarantar da ta koyar.

Wasanta na ƙarshe a gaban jama'a ta yi shi a Frankfurt ran 12 ga Maris, 1891, tana shekara 71, kunnenta ya fara nauyi, ta kaɗa wani kiɗan Brahms na fiyano biyu tare da wani malamin makarantar. Ta bar aikin makaranta a 1892 amma ta ci gaba da koyarwa a gida. A watan Maris 1896 ciwon shanyewar jiki ya kama ta, ta rasu ran 20 ga Mayu tana da shekara 76. Aka kai gawarta Bon don a binne ta kusa da mijinta. Brahms, da saƙo ya iske shi, ya fito a ruɗe ya hau jirgin ƙasan da ba shi ba, ya yi kusan kwana biyu a hanya, da ƙyar ya riski jana'izar. Shi ma bai cika shekara ba ya bi ta, a watan Afrilu 1897.

Na mayar wa Malama littafinta ranar da muka dawo hutu. Wa'adin bautar ƙasarta zai ƙare a ƙarshen wannan zango, kafin nan kuwa ta ɗauki mu shida tana koya mana kowace Asabar bayan wanki. Ni yanzu na kai inda hannun dama da na hagu za su yi abu dabam-dabam a lokaci guda, kuma har yau da na hagu ya motsa sai na dama ya tsaya yana kallonsa. An ce mai gyaran fiyano mafi kusa yana can babban birni, kuɗin motarsa da na aikinsa kuwa ba su cikin kasafin makaranta. Mun rubuta wa Ƙungiyar Iyaye da Malamai takarda a kan haƙoran nan bakwai, za a karanta ta a taronsu na wata mai zuwa.